Ranar da Jirgi Ya Bar Ni da Tukunya

Wata Talata ce cikin watan Sha'aban, shekarar da aka yi zafin nan a Ingila har ciyawar filayen wasa ta bushe ta koma kamar tamu ta rani. Jikata Safiya, wadda take rubuta mini wannan labari don ni ban yi karatu ba, ta ce 1976 ce. Na hauro daga bayan katangar kwata rungume da tukunyar da na dirje tas da yashi, sai na tarar wurin da jirginmu yake ɗaure babu komai sai ruwa yana kaɗawa. Na ɗaga ido, can nesa na hango farin ƙyallen jirgin, iska ta cika shi, yana ta ƙanƙancewa. A cikinsa akwai uwata da ubana da ƙannena biyu. Shekaruna ba su wuce sha ɗaya ba, ba na jin Turanci, ban kuma san sunan tsibirin da nake tsaye a kansa ba. Har yau ban sani ba.

Ni 'yar fari ce, kuma a wurinmu iyaye suna kunyar ɗan fari. Ba sa faɗin sunansa, ba sa wasa da shi a gaban mutane, ba sa nuna cewa ya dame su. Ana yaye ni aka kai ni wurin kakata Inna, mahaifiyar ubana, a wani ƙauye bakin kogi a ƙasar Yawuri, can na tashi. Da safe in share tsakar gida, in kwashe toka, in ɗebo ruwa, in taya ta juya kifi a kan banda har idanuna su yi ja da hayaƙi. Da hantsi mu tattara kwanuka da tukwane mu gangara kwata, mu dirje su da yashi, mu kife su a kan dutse, mu faɗa ruwa muna iyo har sai an aiko a koro mu. Da yamma mu yi carafke da 'yar gala-gala a ƙofar gida. Makarantar boko tana tsallaken ruwa, Inna kuwa ta ce ba za ta sa jikarta a kwale-kwale kullum don a koya mata abin da ba ya dafa tuwo ba. Bakinta ba ya hutawa da sunana. "Rakiya, tukunyar da ba ta ga yashi ba ba a wanke ta ba," haka take ce mini. Rakiya zo, Rakiya tafi, Rakiya kin ci? Da Allah ya ɗauke ta, sunan nan ya yi shiru.

A lokacin Baba yana London. Kuɗin fetur ya shigo, gwamnati tana ta tura ma'aikatanta kwas, shi ma aka tura shi wata makaranta a Bloomsbury ya ƙaro ilmin aikin ruwa, ya tafi da Umma da ƙannena Nasiru da Binta. Bayan rasuwar Inna wani abokin aikinsa ya taho da ni. Gidanmu a Tottenham yake, flat ne a saman bene, cikin jerin gidaje da suka manne da juna kamar haƙora. Babu tsakar gida, babu kaji, babu inda mutum zai zauna ya ga sama. An cika falo da kwalaye, talabijin da firji da keken ɗinki, duk za a tura gida. Ni kuwa sai na zama kamar akuyar da aka ɗaure. In je taga, in dawo kicin, in sake komawa taga, in leƙa yara suna dawowa daga makaranta. In na yi wa Nasiru magana da Hausa ya amsa mini da Turanci, in ya so tsokana ya ce, "'Yar ƙauye, jirgin ƙarƙashin ƙasa ba kwale-kwale ba ne, ba a cire takalmi." Umma tana ce mini "ke". Baba in zai ambace ni sai ya ce "yarinyar nan" ko "'yar Inna". Na san al'ada ce, na ga ana yi wa wasu. Amma a ƙauye akwai gari guda masu kiran sunanka, ba ka jin rashin mutum biyu. A London su biyun nan su ne garin. Sai na fara tambayar kaina ko dai ba kunya ba ce, ko dai da gaske ba a lissafa ni cikin 'ya'yan gidan.

Wani malamin su Baba, Bature dogo da muke ce wa Mai Gemu, yana da jirgin ruwa irin wanda iska ke turawa, ya gayyace mu hutun bazara. Ranar Lahadi da abokan Baba suka zo cin tuwon semo, ɗalibai da wani ma'aikacin rediyo, suka yi ta yi masa dariya. "Haba Injiniya," in ji ma'aikacin rediyon, "ka gudo daga Yawuri ka zo London, sannan ka koma kwale-kwale ka ce hutu ne?" Baba ya ce ai ya riga ya yi booking na jirgin ƙasa, magana ta ƙare. Umma ta ce ita dai an ce mata hutu, ba a ce mata wanki da girki a cikin ruwa ba. Ni kuwa tun ranar na kasa zama wuri ɗaya. Ruwa za a je.

Muka wuni a jirgin ƙasa muna yin arewa, har muka isa wani ƙaramin gari mai warin kifi. A bakin kwata Baba ya gabatar da iyalinsa ga Mai Gemu. Ya dafa kan Nasiru ya faɗi sunansa, ya ɗaga Binta ya faɗi nata. Da Baturen ya nuno ni, sai Baba ya kau da kai ya faɗi wata gajeriyar magana. Na tambayi Nasiru abin da ya ce. "Ya ce daga gida aka kawo ki," in ji shi. Na haɗiye wannan na shiga jirgi.

Kwanakin nan ban taɓa ganin irinsu ba. Tsibirai kore shar, wasu babu kowa a kansu sai tumaki, wasu da 'yan fararen gidaje a jere. Fararen tsuntsaye suna bin mu suna kuka kamar jarirai. Kullum mu tashi daga wata kwata mu isa wata, a jefa igiya, a ɗaure, a sayo burodi da madara, gari ya waye a kwance a ƙara gaba. Ba mu taɓa zama wuri har na saba da shi ba. Ruwan ma ba irin namu ba ne, gishiri gare shi, kuma ba ya zama: da safe ya cika kwata fal, kafin azahar ya janye ya bar jirage kwance a laka, sannan ya dawo. Saboda haka kullum Mai Gemu yana duban ruwa yana gaggauta mu. Umma tun ranar farko jiri da amai suka kwantar da ita a ɗan ɗakin da ke cikin jirgin, Binta tana maƙale da ita. Baba da Nasiru suna sama suna jan igiya. Ni ina tsakani, in hau in sauka, in kai wa Umma ruwa, in dawo in zauna a goshin jirgi ina kallon kumfa. Wanda yake sama yana zaton ina ƙasa, wanda yake ƙasa yana zaton ina sama.

Ranar Talatar nan shinkafa ta kama a tukunya. Na yi ta fama da ɗan soson Mai Gemu ta ƙi fita, sai na tuna na hango yashi mai kyau a bayan katangar kwata. Na ɗauki tukunya na sauka. Ban gaya wa kowa ba, don a wurinmu yarinya ba ta neman izini kafin ta je wanke-wanke. Na durƙusa ina dirza ina waƙar da muke yi a gida, har na manta inda nake. Ashe ruwa ya fara janyewa, Mai Gemu ya ce a kwance igiya yanzu-yanzu. Ya tambayi Baba ko kowa ya shiga, Baba ya ce e.

Abin da ya faru a cikin jirgin, Umma ce ta ba ni labarinsa bayan na haifi ɗana na uku, tana faɗa tana share ido da bakin mayafi. Ta ce tun ba a yi nisa ba Baba ya duba goshin jirgi bai gan ni ba. Ya zo bakin ɗaki ya leƙa cikin duhu ya ce, "Kowa lafiya a nan?" Ta ce, "Lafiya lau." Ita ma zuciyarta ba ta kwanta ba, don ba ta ji motsina ba, sai ta ce, "Yara suna sama?" Ya ce, "Suna nan." Ni yake tambaya, ni take tambaya, amma babu wanda ya iya buɗe baki ya ce ina wance. Ya koma ya sake dawowa, suka sake yin irin wannan magana. Sai da lokacin abinci ya yi, Mai Gemu ya sauko yana buɗe akwatuna yana neman tukunya, sannan Binta ta ce ai ta ga na fita da ita tun da safe. Safiya, rubuta wannan yadda na faɗa: tukunya aka fara nema kafin a neme ni.

Ni kuwa ina can ina kai da kawo a kan kwata, daga wannan ƙarshe zuwa wancan, tukunya a ƙirjina. Ban yi kuka ba da farko. Wata tsohuwar Baturiya mai jan kumatu ta fito daga wani gida ta yi ta yi mini magana, ta kama hannuna za ta shiga da ni, na fizge, don ina tsoron jirgi ya dawo bai gan ni ba. Ta kawo mini burodi da shayi har inda nake. Ruwa ya janye ƙaf, laka ta fito baƙa ƙirin. Ina tafe ina cewa a raina, da Nasiru ne da tuni an juyo. Da Binta ce da ba a ma tashi ba.

Sai wajen la'asar farin ƙyallen nan ya sake ɓullowa. Na ɗauka zan ruga bakin ruwa ina tsalle, amma sai na fasa. Na zagaya bayan wasu akwatunan kifi da aka jibge, na tsuguna, ina leƙe ta tsakaninsu. Jirgin bai iya shigowa ba don babu ruwa, ya tsaya daga nesa. Na ga an sauke ɗan ƙaramin kwale-kwalen da ake ja a baya, na ga Baba ya faɗa ciki shi kaɗai. Bai zauna ya juya baya ya kama filafili biyu yadda Turawa suke yi ba. Ya durƙusa a ƙarshen jirgin da filafili ɗaya, yana sara ruwa dama da hagu kamar masuntan garinmu. Ban taɓa sanin ya iya ba. Inda ruwa ya ƙare ya dira cikin laka da wandonsa na zuwa makaranta, yana nutsewa har gwiwa, takalminsa ɗaya ya tsaya a ciki bai waiwaye shi ba.

Ya hau kwata yana haki. "Ke! Ke yarinya!" Ya yi gabas ya yi yamma. "'Yar Inna!" Ina jin sa, ban fito ba. Masunta suka taru a kansa, tsohuwar nan tana nuna inda ta gan ni ɗazu. Wani daga cikinsu ya yi masa wata tambaya, ina jin sunana yake tambaya, ya sake maimaitawa. Baba ya kau da kai. Ya shafa fuskarsa da hannu mai laka. Sai ya juya musu baya, ya fuskanci duwatsu inda ruwa ke bugawa, ya buɗe murya har ta tsage.

"Rakiya! Rakiyatu!"

Na fito. Ya tsaya yana kallona. Bai rungume ni ba, bai dake ni ba. Ya dubi abin da ke hannuna ya ce, "Ta fita kuwa?" Na juya masa gindin tukunyar yana ƙyalli. Ya ce, "Haka tsohuwata take wanke ta." Ya tsuguna na hau bayansa, ya ratsa lakar nan da ni, ina jin bugun zuciyarsa a cikina.

Bai sake faɗin sunan nan ba har ya koma ga Allah. Kafin sanyi ya shigo kwas ɗinsa ya ƙare muka dawo gida, aka ce na yi girma da aji ɗaya, maganar makaranta ta wuce. Ban riƙe shi da wannan ba. Bayan shi, mai gidana ne ya ɗauki sunan, Allah ya jiƙansa. Kullum da safe in ya dawo daga masallaci, tun daga zaure zai ce, "Rakiya, an tashi?" Bara ya rasu, kuma har yanzu in na ji an taɓa ƙofa sai in saurara, in ba a kira ba in zauna in yi kukana, ba na ɓoye wa kowa. 'Ya'yan yanzu suna kiran 'ya'yansu na fari da suna a gaban kowa, har su ɗora su a cinya, ban ce sun yi laifi ba. Ni dai gida cike yake da mutane, wannan ya ce Hajiya, wancan ya ce Kaka, masu kirana Rakiya duk sun shiga jirgi sun yi gaba. Ina nan a bakin kwata, ina saurare.