Allurar da Ba a Canzawa

Faifan garmaho ɗaya ne ya rage wa Baba a gidanmu na Ikara, kuma ba don makaɗin yake ajiye da shi ba. Ƙanen Baba na cikin 'yan amshi. Ya rasu tun kafin a haife ni, bai bar ɗa ba, bai bar hoto ba. Abin da ya rage nasa a duniya yana cikin wannan baƙin faifai, cakuɗe da muryoyin wasu mutane. Kunnen Baba kuwa ya soma nauyi.

Lokacin ina aiki a Makarfi, na sayi garmaho mai lantarki na hannu na kai masa. Ya saurara har ƙarshe, ya ce yana jin amshi amma bai ji ɗan'uwansa ba. Abin ya tsaya mini a rai.

Na ɗauki garmahon a bayan babur zuwa Kudan wurin wani abokina mai gyaran rediyo da lasifikar biki. Shi ya koya mini cewa kan da ke riƙe allura iri biyu ne. Nawa mai maganaɗisu ne: allura na bin layin faifai, ɗan maganaɗisun na rawa. Yana da araha, sautinsa da ƙarfi, in allura ta cinye a zare ta a sa wata. Ɗayan kuma naɗin waya ne ke motsi a cikinsa, siriri kamar gashi. Saboda rashin nauyinsa yana tsinto abin da wancan ke tsallakewa. Amma kuɗinsa ya ninka, sautinsa ƙasa-ƙasa ne sai an haɗa masa wani ɗan akwati mai ɗaga shi, kuma allurarsa a manne take. Ta karye, an gama.

"Mutumina, faifan nan ya sha duniya," in ji shi. "Mai tsadar zai fito maka da murya, zai kuma fito maka da ƙarzar. Kai da ko takalmi sai ka yi ciniki uku?"

Na ce ya nemo mini mai tsadar. Ni mutum ne mai riƙon kuɗi, ban musa ba, amma na biya. Maiɗakina ta juya kan a tafin hannunta, ta ce wannan ɗan abin ne ya cinye kwanon rufin kicin ɗinta?

Gaskiyar magana, bambancin bai kai kuɗinsa ba in kiɗa kawai kake so. Kalangu kalangu ne a duka biyun. Ƙarzar ma ta ƙaru, kamar ana suyar gyaɗa a bayan ɗaki. Sai dai 'yan amshin da a da suke dunƙule sun ɗan ware, har kana iya cewa wannan mai kauri ne, wancan siriri.

Ranar wata Asabar da hantsi na kafa kayan a zaure. Baba ya matso da kunnensa na dama, wanda ya fi ji. Da faifan ya ƙare ya ce, "Sake." Na sake. A karo na biyu na ga leɓensa na motsi, ya ɗaga yatsa ya riƙe shi a sama.

Daidai nan wani maƙwabci ya yi sallama, na fita. Gaisuwar Ikara ba ta da gajeruwa, sai da muka bi gida da gona da masu jiki. Da na dawo na tarar da Baba riƙe da wani ɗan tsinke tsakanin yatsunsa biyu.

"Ina gwangwanin allurar?" ya tambaye ni.

A zamaninsu na garmahon da ake wanawa da hannu, allurar ƙarfe ce, ana sayen ta cike da ɗan gwangwani. Faifai ya yi juyi ɗaya ko biyu, a cire a jefar, don kada dakusasshiya ta ci faifan. Mai hankali ke yin haka. Baba ya ga an juya sau biyu ba a canza ba, ya taimaka mini. Abokina ya gargaɗe ni, amma ko kusa bai zo mini a rai in gargaɗi Baba ba.

Raina ya ɓaci sosai. Na durƙusa na ce, "Baba, wannan ba a canza mata."

"Wace irin allura ce ba a canzawa?" Ya duba tsinken. "Na kusa kama shi fa. Shi ne mai shigowa a makare, yana jan ƙarshen magana. Da sabuwa, sau ɗaya ya isa."

Ban gaya masa kuɗin ba, kuma ba ni da halin sayen wani. Na kwance kan da ya lalace, na mayar da tsohon mai maganaɗisu, na ɗora faifan. Sauti ya fito da ƙarfinsa, amshi ya sake dunƙulewa. Baba ya tallafe kunnensa da hannu har waƙar ta ƙare, allura na ta zagaye a wuri ɗaya.

"Ya koma cikin mutane," ya ce. "Kashe."