Hannun Da Na Zare A Bakin Jirgin Ruwa

Da za a ba ni damar warware abu ɗaya cikin abin da na aikata a duniya, da na koma safiyar wata Lahadi ta watan Oktoba na 1998, a bakin kogin Guangzhou, na bar hannuna a cikin na 'yata Sakina. Shekarunta tara a lokacin. Ni kuwa na kusa arba'in, da hankalina, ba wanda ya tilasta mini.

Shekara uku kafin nan na kwaso iyalina daga Kano, muka kama ɗaki biyu a hawa na huɗu na wani tsohon bene a bayan titin Liuhua Lu. Aikina shi ne raka 'yan kasuwarmu garin Xintang sayen wandunan jins, in tsaya har a ɗaure kaya. Benen nan ba ya rabo da hayaniya: kekuna jingine a gindin matakala, gawayin girki a jere a lungu, wanki a rataye kan sandunan gora ta kowace taga. Sakina ce ke sauka da shara, ita ke sayo wa mahaifiyarta kifi a kasuwa, don cikin 'yan watanni bakinta ya kama yaren garin. Da yamma ta shiga cikin 'yan matan tsakar gida, su yi ta tsallen igiyar roba har a kira su cin abinci.

Ita ce 'yar farina, ni kuma a ƙauyenmu na tashi na tarar ana kunyar ɗan fari. Mahaifina har ya rasu bai taɓa kiran sunana ba, "wancan yaron" yake cewa, ban kuma taɓa ɗauka ƙiyayya ce ba, tunda haka ake yi wa kowane ɗan fari a garin. Abin da bai zo mini a rai ba shi ne, a benen nan kusan kowane gida ɗa ɗaya gare su. Duk yaron da Sakina ta sani ɗan fari ne. Kullum tana kallo iyayensu maza na ɗora su a wuya, suna sa su a gaban keke, suna share musu baki. Ta hawo sama ta same ni ina wasa da ƙanenta Kabiru, ita kuma in ce mata "ke".

Maganar jirgi daga wajen tsoho Liang ta fito, maƙwabcinmu na ƙasa wanda ya tsufa a aikin ruwa. Shi ya ba ta labarin jirgin da ke tashi da safe ya bi kogi ya wuce garin Panyu, har inda ruwan daɗi yake haɗuwa da na teku. Wata biyu ta yi tana shiri. Ta yanko bayan kwalin jins ta zana kogin da gadojinsa, tsohon yana gyara mata lanƙwasa. Ta tambayo lokacin da ruwa ke cika da lokacin da yake janyewa. Ta sa mahaifiyarta ta yi dambun nama, ta tanadi ledar da za a sa darduma kada ta jiƙe. Abin da ya fi damun ta alƙibla ce. "Baba, in jirgin ya juya kana cikin salla, ya za ka yi?" Na ce mata a yadda aka fara haka ake ƙarasawa, ban ko ɗago kai ba. Mahaifiyarta ta ce Kabiru ya yi ƙanƙanta, mu tafi mu biyu. Da yarinyar ta fita sai ta ƙara da cewa, "Malam, ba jirgin take so ba fa. Yini ɗaya take nema a wajenka."

Yinin nan shi ne ya tsorata ni. Ban san abin da zan faɗa wa Sakina daga safe zuwa la'asar ba. Saboda haka bayan sallar Juma'a na gayyaci Alhaji Sule, wani babban mai sayen kaya a hannuna da ya zo baje koli, shi da abokan tafiyarsa biyu. Ban gaya mata ba.

Ranar Lahadi muna isa bakin ruwa ta kama hannuna saboda cunkoso, na kuma ƙyale ta. Sai ga su Alhaji Sule. Ya dube mu ya yi dariya. "A'a, Malam Isa, lallai ƙasar nan ta gyara ka. 'Yar fari a hannu, a bainar jama'a? Bari mu koma kasuwar Kwari a ji labari." Wasa yake yi, na sani. Amma na zare hannuna kamar na taɓa wuta, na sa shi a aljihu.

A cikin jirgi muka zauna a rumfa muna hirar kwantena. Ita tana can waje ita kaɗai, riƙe da ƙarfen gefe. Sau ɗaya ta leƙo, fuskarta duk feshin ruwa, ta ce, "Baba, zo ka ga inda ruwan ya canja launi." Na ce, "Ke, ba ki ga manya suna magana ba?" Ta koma. Baƙina suka cinye dambun suna yaba hannun uwargida. Ban fita na ga wurin ba, har muka dawo.

Ba ta yi kuka ba, ba ta kai ƙarata wajen mahaifiyarta ba. Daga ranar dai ba ta sake roƙona komai ba, ko fensir. Ta zama yarinya mai ladabi irin wadda ake yabo, ta durƙusa ta gaishe ni, ta tashi. A lokacin har daɗi na ji, na ce ta girma.

Yanzu ina Kano, gwiwoyina sun ƙi matakala. Masu zuwa Guangzhou sun ce jirgin ƙasa ke kai mutum Panyu ta ƙarƙashin ƙasa, kafin shayi ya huce an isa. Sakina tana aure a Kaduna da 'ya'ya huɗu. Duk Juma'a takan kira, ta tambayi jikina, ta miƙa wa yara wayar. Bara na yi ƙarfin hali na tayar da maganar jirgin. Sai ta ce, "Wane jirgi, Baba? Ai na manta." Da ta yi mini faɗa da na samu ƙofar shiga.

Ban ce kunyarmu banza ba ce, a inda kowa ya san ma'anarta. Amma roƙona ga duk uban da ya karanta wannan, in ɗanka ya ce zo ka gani, ka tashi ka je tun yana kiran ka.