Kwamfutar Batsari Ta Yi Shiru

Jama'a, yau jikina ya yi sanyi!

Jiya na gyara manhajar da ke gwada ma'ajiyar bayanan ofishinmu na Safana. A da sai ta daɗe tana neman babbar kwamfutar kowane reshe namu, man janareto na ta ƙonewa. Yanzu sau ɗaya take dubawa ta wuce.

Da safe na kunna. Nan take ta nuna ta reshen Batsari ba ta amsawa! Na ɗauka gyarana ne ya jawo matsalar, amma na ce bari in tabbatar. Na kira Malam Lawal, mai tada janareton can.

Ƙanensa ya ɗauka. Na ce, "Malam bai kunna ba ne?"

Ya ce, "Yallaɓai, 'yan bindiga sun tare shi a hanyar gona jiya. Yanzu muka dawo daga maƙabarta."

Innalillahi! Ku sa shi a addu'a.