An Shanya Hajiya

Da hantsi na shiga gidanmu na Madabo, na tarar da mahaifiyata zaune cikin rana, kusa da shanyar kuɓewa.

"Hajiya, lafiya?"

"Likita ne ya ce a shanya ni."

Ashe sukarinta ne ya ƙi sauka. Da aka gwada jininta, sai aka ga bitamin D ya yi ƙasa, wai ƙarancinsa kan sa sukari taurin kai. Aka ce ta riƙe maganinta, ta riƙa shan hantsi.

Mu kuwa bara muka rufe mata tsakar gida ruf da kwanon rufi, don kada rana ta dame ta. Jiya ta sa kafinta ya ɓalle biyu.

A Kano fa, jama'a, mutum ya rasa rana. Ku naku tsakar gidan a buɗe yake?