Inna Ta Ce Da Sauƙi

Salamu alaikum 'yan'uwa da tsofaffin ɗalibaina. Wata guda ke nan ban ce uffan a shafin nan ba, har wani ya rubuto yana tambaya ko Malam ya rasu ne ba a sanar ba. To, ina nan, ban tafi ba tukuna. Mura ce ta kai ni gadon asibiti, kuma ina kwance ta tono mini wata murar da ban taɓa ba ku labarinta ba.

Daminar 1957 ce, gero ya fara fitar da kai. Ina da shekara goma sha shida, muna wani ƙauye a hanyar Doguwa, tafiyar rabin yini a jaki zuwa Tudun Wada.

Masu cin kasuwa suka dawo da labarin wata mura da ke zagaya duniya. Tsofaffi suka ce marisuwa ce ta dawo, wadda ta kwashe mutane suna yara. Mu samari muka yi dariya. Mura kuma?

Da hantsi ina noma lafiya lau, kafin azahar na kasa ɗaga fartanya. Sanyi, haƙora na karo, kai kamar ana sara, ga busasshen tari, ga haɓo.

Cikin mako guda gari ya kwanta. Sahu ɗaya bai cika a masallaci ba. Awaki na kuka a turke, babu mai kwance su.

A gidanmu mutum ɗaya ce a tsaye: Inna, mahaifiyata, da cikin wata bakwai. Ita ke dama kunu, ita ke dafa ganyen sirace, ita ke juya Baba a tabarma. Ni ne ɗan farinta, don haka ba ta faɗin sunana, sai dai “yaron nan”.

Kwana huɗu zazzaɓina ya sauka. Na ga ciyawa za ta cinye gona, na saɓa fartanya na fita. Wautar ƙuruciya.

Bayan kwana biyu zazzaɓin ya dawo da ƙarfinsa. Haƙarƙarina na suka, majina ta koma launin tsatsa, numfashi sai na roƙe shi.

Baffa Sale, ƙanen Baba, shi ya fara miƙewa a dangi. Ya zo da jakinsa da safe zai kai ni asibitin Tudun Wada. Yana ɗaure mini zama sai ya ji tarin Inna daga madafa.

“Yaya Hanne, tarin nan naki bai yi mini ba. Ya jikin?”

“Da sauƙi. Ku kai yaron nan, rana na yi.”

Baffa ya leƙa wajen Baba. Baba ya ce, “Ai ta ce da sauƙi.”

Shi ke nan. Kun san mu. Ko mutum na shure-shuren mutuwa, ka tambaye shi jiki, da sauƙi zai ce, kai ma ka ce Allah Ya ƙara sauƙi, ka wuce. Da ta ce wani abu daban, da an nemi maza huɗu an ɗauke ta a gadon kara.

Ni na gani. Daga kan jakin na ga ta riƙe bakin ƙofa da hannu biyu. Leɓɓanta sun yi duhu kamar an shafa shuni, ƙirjinta na hawa da sauka irin nawa. Na san abin da ke cin ta, don shi ke ci na. Na buɗe baki, tari ya ƙwace maganar. Jaki ya tashi.

Asibitin ɗaki biyu ne, sauran mutane na kwance a rumfa. Malamin asibiti ya sa mini ma'aunin zafi a baki, ya saurari ƙirjina gaba da baya.

Ya ce, “Murar ba mu da maganinta. Amma ta sauka a huhunsa, wannan kuwa allura na iya kamawa. Da kun ƙara kwana, sai dai haƙuri.”

Yana tafasa allurar ya ɗago. “Akwai mai ciki a gidanku? Su ta fi kayarwa.”

Baffa ya saki hularsa ƙasa.

Nan take ya juya da jaki. Amma an yi ruwa a bayanmu, rafi ya kawo, Baffa ya kwana biyu a gaɓa yana kallon ƙetare. Da ya haye, ya tarar an rufe Inna, ita da abin da ke cikinta.

Ni ina rumfa, allura safe da yamma, kwana tara. Kullum na tambaya sai a ce mutanen gida na gaishe ni. Ranar da aka sallame ni na shiga gida, na ga Gwaggo, ƙanwar Baba, a bakin murhun Inna. Nan na gane, na zauna a ƙasa.

Wata biyu ko guga ban iya ja ba. Jiki ya warke daga baya. Abin da na gani a bakin ƙofar nan kuwa har yau yana nan.

Na gode wa Allah. Na gode wa likitoci da ma'aikatan jinyar da suka yi ɗawainiya da ni wannan karon, da ku masu addu'a. Allah Ya jiƙan Baffa Sale da malamin nan da ban san sunansa ba.

Ga roƙona. In mura ta sake ku, kada ku yi saurin komawa aiki. In zazzaɓi ya tafi ya dawo, asibiti, ba jira. Mai ciki da tsoho a fara kai su. In kun je dubiya kuma, ku gaisa, amma ku dubi leɓe, ku dubi numfashi, musamman na wadda ke jinyar kowa.

Ranar da ciwon nan ya kama ni, 'yata mai sunan Inna ta durƙusa ta ce, “Baba, ya jikin?”

Amsar da muka gada ta zo har bakina. Na haɗiye ta.

Na ce, “Babu sauƙi, Hanne. Ki kai ni asibiti.”