Gyaɗar da Baba ke bari a ƙasa

Shekarar da ciwo ya kwantar da Baba, yayana ne ya zo daga Kano ya tsaya a kan cirar gyaɗarmu a Fagam. Da ya zaga gonar sai ya ga gyaɗa birjik a ƙasa, ga matan unguwa a bakin gona da kwanukansu suna jiran a gama su shiga kala. Ransa ya ɓaci. Ya ce 'yan ƙwadago sun yi ha'inci, su koma su tsince ta tas, matan kuma su watse.

Ba wadda ta motsa. Na sha gabansa na ce, "Yaya, sai dai mu je gaban Baba."

Muka same shi kwance, yana numfashi da ƙyar. Ya saurare mu, sannan ya ce, "Ni nake sa a bar ta. Zakka ina fitarwa, amma wadda na miƙa wa zakka sai ta durƙusa ta yi mini godiya. Mai kala kuwa guminta ta ci, Allah kaɗai za ta gode wa. Kada ka ƙwace mata wannan."