Tambarin da Na Kankare Ya Kusa Rufe Mini Shago

Ku matso kusa, 'ya'yana da jikokina, ku ba ni aron kunnuwanku. Ban yi boko ba, faɗa nake yi ana rubutawa, amma abin da zan faɗa a kaina ya faru.

A lokacin ban daɗe da fita takaba ba. Maigidana ya rasu ya bar mini shagon tagogi da ƙofofin alminiyam a Deira, kuma iznin zamana a Dubai a kan shagon nan yake. Cinikin gida ya yi sanyi, mutum ɗaya ne ya riƙe mu: wani ɗan Kudancin Kaduna, Kirista, wanda ya taɓa aikin gyaran na'urar sanyaya ɗaki a nan. Ranar Juma'a yakan zo ya ci tuwo a wurinmu, yana kirana Mama, ina kiransa ɗana. Daga baya ya koma Turai, shi da abokansa suka kama harkar gini, kwantena bayan kwantena a hannuna suke saye.

To, ni a gidan 'yan kasuwa na tashi a Kano, kuma abu na farko da aka koya mini shi ne ba a nuna wa mai saye inda ake saro kaya, don ranar da ya sani ya tsallake ki. Saboda haka duk kayan da suka shigo sai in sa a kankare tambarin masana'antar. Wasu daga wata masana'anta ta nan ƙasar nake ɗauka, wasu daga babbar kasuwar 'yan Sin ta International City, in haɗa su wuri ɗaya a ɗaure. Ni a ganina hikima ce.

Rannan ɗana ya bugo waya, ya ce ƙasashen Turai sun kafa doka a kan irin kayanmu. Duk alminiyam da ya shiga sai an faɗi yawan hayaƙin da aka fitar wajen narka shi, a biya kuɗi gwargwadonsa. Yana son sunan masana'antar da lissafin hayaƙinta. Na yi dariya, na ce hayaƙin da ya tashi sama ya watse, wa ya tare shi ya auna? A raina kuwa cewa na yi yaron nan ya girma, dabarar tsallake ni yake nema. Ya yi ta kira ina ce masa inshallah gobe, har kwantenar ta tashi ta isa.

Sai ya sake kira, muryarsa ba yadda na saba ji ba. Ya ce idan babu lissafi daga masana'anta, hukuma nata lissafin take ɗorawa, mai tsada, kuma abokansa sun ce daga wannan kaya sun bar saye a hannuna. Na ruga wurin wakilin da ke yi mini lodi a unguwar Al Sabkha. Ya ce Hajiya wannan ai mai sauƙi ne, a rubuta duka kayan na masana'antar nan ƙasar ne, khalas, shi ke nan, wa zai gane tunda babu tambari? Wallahi na kusa amsa masa. Da na gaya wa ɗana, sai ya ce shi ne zai sa hannu a takardun, idan aka bincika aka ga ƙarya, tara ce a kansa, iznin shigo da kayansa ma yana iya tafiya. Yaron da ya ci tuwona nake shirin turawa rami don in ɓoye suna.

Washegari na shiga mota na tafi masana'antar nan ƙasar da kaina. Manajan ko mamaki bai yi ba, ya ce masu kai kaya Turai kullum suna tambaya, lissafin a shirye yake. Amma ba zai tsaya wa kayan da aka cakuɗa aka goge musu shaida ba. Haka kwantenar nan ta shiga a kan lissafi mai tsada, na ce a ɗora mini, ni na jawo. Sannan na rufe ido na faɗa wa ɗana sunayen inda nake saye, duka biyun. Sai ya yi dariya. Ya ce Mama, ai tun yana gyaran na'ura ya san masana'antar, ya sha yi musu aiki. Bai taɓa tsallake ni ba saboda ni ce nake duba kowace taga da hannuna kafin a ɗaure.

'Yan'uwana 'yan kasuwa, musamman mata irina, zamani ya juya. Yanzu kaya da asalinsu suke tafiya. Kada ku goge shaida, kada ku cakuɗa, kuma wanda ya ce ku rubuta abin da ba shi ne ba, ku tuna wani ne zai ɗauki alhakin a can.

Wakilin nan na bar shi, na ji yana nan yana lodinsa. Abokan ɗana sun dawo bayan sun ga kwantena ta gaba da tambarinta. Ɗana ya yi aure, 'yarsa ta fari sunana take amsawa. Ni kuwa shagon yana buɗe, an sabunta mini iznin zama, ƙarfen da ake kankare tambari da shi yanzu tukunyar tuwo nake kankarewa.